Direban da Ya Shimfiɗa wa Tumaki Katifa

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota a Riyad ya san garin ba na masu haƙuri ba ne. Fitila ba ta gama zama kore ba, na bayanka ya danne hon kamar ka cinye masa gado. Ni Ridwan, da nake rabon kayan miya daga kasuwar Utaiƙa zuwa shaguna, ban taɓa ganin laifin wannan hali ba. Bakano ne ni, kullum ina da inda zan je. To a cikin wannan gari Allah ya jefo Dalhatu, ya kuma haɗa mu ɗaki ɗaya, don a gwada imanina.

Dalhatu mutumin Funtuwa ne, ƙato, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinmu. Tafin hannunsa ya kai faranti. Gidansu gidan mahauta ne tun kakanni, kuma ranar da aka haife shi ungozoma ta dubi hannuwan nan ta ce an samu magaji. Da ya tasa, ubansa ya kayar da akuya ya miƙa masa wuƙa. Dalhatu ya dubi akuya, akuya ta dube shi, sai ya sulale ya suma a kanta. Akuyar ta zame ta gudu, shi aka yi wa fifita.

Aka ce to a gwada shi a dambe, tunda 'ya'yan mahauta da shi suke tashi. Naushi ɗaya ya yi, abokin karawarsa ya zube. Kafin makaɗa su ɗauki kirari, Dalhatu ya kwance zaren hannunsa, ya goya yaron a baya ya kai shi gida, ya zauna yana ba uwar yaron haƙuri har aka yi sallar isha'i. Daga ranar ba a sake saka shi a fili ba. Ya koyi tuƙi, ya auri Hansai, kuma a shekarar 2011 ya samu bizar aiki ya taho Saudiyya, don ya yi nisa da wuƙa.

Sai dai Allah da ikonsa, kafilinsa, wato Balaraben da takardar zamansa a ƙasar ke hannunsa, dillalin tumaki ne. Sunansa Abu Majid, wani siririn tsoho mai kaifin murya, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya ƙare ta da “yalla”, wato “maza”. Ya ba Dalhatu makullin wata tsohuwar a-kori-kura, ya ce aikinsa shi ne kai raguna gidajen waɗanda suka saya.

Da albashinsa na farko Dalhatu bai sayi waya ba, bai sayi takalmi ba. Kasuwar gwanjo ya je ya sayo katifa, ya shimfiɗa ta a bayan motar. Ya kafa rumfar tamfol, ya naɗe duk ƙarafunan da tsumma don kada wani rago ya bugi haƙarƙarinsa. Ni a lokacin a kan tabarma nake kwana, amma raguna suna da katifa. Kafin ya ɗora su sai ya shafa wuyan kowanne ya yi masa sannu, ya ɗauke shi a ƙirji kamar jariri ya ajiye. Sauran direbobi kuwa ƙafa biyu suke kamawa su wurga.

Tuƙinsa ne babbar musibar. Akwai tudun nan da ake yi a titi don a rage gudu, Larabawa suna ce masa maɗabb, kuma unguwannin Riyad cike suke da shi. Idan Dalhatu ya zo maɗabb, sai ya kusan tsayawa cak, ya hau da tayoyin gaba a hankali, ya waiwaya ta ƙaramar tagar baya ya ce, “Sannunku,” sannan ya haura da tayoyin baya, ya sake cewa, “Sannunku da haƙuri.” Kyamarorin da ke kama masu gudu ba su san da zamansa a ƙasar ba. Sau ɗaya ɗan sandan hanya ya taɓa tsayar da shi, shi ma tambayarsa ya yi ko motar ce ta lalace a kira masa mai ja. Larabawan kasuwa suka raɗa masa suna Abu Shuwayya, wato mai sannu-sannu.

Na taɓa yin kuskuren cewa ya rage mini hanya zuwa unguwar Shifa. Wallahi wani tsoho mai sanda ya wuce mu a ƙafa, muka zo muka same shi a gaba ya gama sayen burodi yana dawowa. Raina ya ɓaci, na ce, “Kai Dalhatu, don girman Allah! Waɗannan fa yanka su za a yi. Kafin magariba suna kwance a kan shinkafa.”

Bai ɗauke ido daga titi ba ya ce, “Na sani, Ridwan. Shi ya sa. Wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe, ka ga bai kamata a jijjiga su ba.”

Na yi tsaki na juya kaina waje.

Ranar Juma'a mukan tuƙa tuwon semo da miyar kuka, kuma wani ɗalibi Bazazzagi mai suna Kamil yakan zo ya taya mu ci, don ɗalibi ba ya ƙin gayyata. Tsofaffin harsuna yake karanta a jami'a, har da Ibraniyancin mutanen da, abin da ni ban ga ranar da zai yi masa ba. Wata Juma'a ina ta yi wa Dalhatu tsiya kan katifar raguna, sai Kamil ya lashe yatsa ya ce in saurara.

Ya ce, “Waɗancan mutanen makiyaya ne. Abin da suke kira mai taushi a wurinsu shi ne ɗan maraƙi, da tohon itace, da yaro ƙarami, da magana mai sanyi, wato duk abin da garaje ke iya lalatawa. Kuma idan za su kwatanta mutum mai tausasawa, ba hawayensa suke dubawa ba. Makiyayi suke kawowa, wanda ke tafe da garke, a ciki akwai tumaki masu shayarwa. Ya san idan ya kore su da sauri yini ɗaya, asara ce. Sai ya rage takunsa ya daidaita da na mafi rauni a cikinsu, ko da shi zai iya gudu.”

Na ce, “To, Malam Bazazzagi, su mutanen naka suna da kafili?”

Kamil ya yi dariya. Dalhatu bai yi ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya ce, “Malam, ashe da can ma akwai masu irin ciwon nan nawa?” Na ga idonsa ya kawo ruwa, don a rayuwarsa ba a taɓa ce masa halin nan nasa yana da dangi ba.

Shekara biyar Abu Majid yana haƙuri da shi, idan ihu kullum ana kiransa haƙuri. Abin da ya hana shi korarsa shi ne dabba ba ta taɓa karyewa ko mutuwa a motar Dalhatu ba. Amma a farkon sanyin 2016 wani babban abokin cinikinsa ya shirya walimar suna, da cin abincin rana bayan Juma'a, aka aiki Dalhatu da raguna tun hantsi don mai dafuwa ya samu lokaci. A hanya ya ga ɗaya daga cikinsu yana haki. Ya tsaya ƙarƙashin gada, ya ba shi ruwa, ya jira numfashinsa ya daidaita. Ya tashi, ragon ya sake haki, ya sake tsayawa.

Lokacin da ya isa, baƙi sun gaji da jira, an shimfiɗa musu farar shinkafa tsirara, abin kunyar da ba a taɓa yi a wannan dangi ba. Dalhatu ya buɗe bayan mota, ragon nan da ya huta ya wartsake ya diro, ya bi ta ƙofar da ke buɗe ya shiga tsakiyar majalisi, wato falon baƙi, ya sa baki a babban tire ya fara ci tare da mutane. An ce wani dattijo har matsa masa ya yi.

Washegari Abu Majid ya karɓe makulli, ya sa aka buga wa Dalhatu huruj niha'i, bizar fita wadda ba dawowa, ya sayi tikitin ranar ƙarshe da bizar za ta ƙare don shi ne mafi araha.

Wani zai ce to mene ne, ai gida zai koma. Wannan bai san abin da ke jiran Dalhatu a gida ba. Ubansu ya rasu, yayansa Abdulƙadir ya gaji rumfar nama, kuma shekara da shekaru yana bugo waya yana cewa, “Wuƙar Baba tana nan rataye, ba wanda ya taɓa ta, taka ce.” Muddin Dalhatu yana aiko da kuɗin cefane daga Saudiyya, yana da bakin cewa a ƙara masa lokaci. Idan ya koma hannu rabbana, ga Hansai ga yara, ba shi da wata hanya sai rumfa. Na kwana ɗaki ɗaya da shi a waɗannan makonni, na san bai ƙoshi da abinci ko sau ɗaya ba. Tausayinsa ya kama ni sosai, sai dai ban iya nuna shi ba sai ta hanyar faɗa.

Ana cikin haka muka ji cewa Abu Majid ya ja wani rago da ƙarfi a kasuwa, ragon ya ja shi, ya faɗi a kan bayansa, har an yi masa aiki a ƙashin baya. Na ce Allah ya ƙara. Dalhatu ya ce in daina, ya je asibiti dubiya da lemo, aka ce tsohon ba ya son ganin kowa.

Ranar tafiya ta zo. Jirgi bayan la'asar zai tashi. Dalhatu ya ɗaure akwatinsa da igiya, ya ce katifar da yake kwana a kai ya bar mini, na ce na gode. Kamil ya zo rakiya. Muna shirin fita wayar Dalhatu ta yi ƙara. Majid ne, babban ɗan tsohon, muryarsa kamar zai yi kuka.

Abin da ya faru shi ne an sallami uban nasa, kuma likita ya ce a kwance za a kai shi gida. Sun kwantar da kujerun babbar motarsu sun ɗora shi, a maɗabb ɗin farko na ƙofar asibiti ya ƙwala ihun da ya sa mai gadi ya rugo. Aka kawo motar asibiti, ya ji yadda direban ya taka birki, ya rantse ba zai shiga ba. Tun safe yana kan gado a bakin ƙofa yana zagin kowa, daga ƙarshe ya ce, “Ku kira mini mai tumaki.”

Na ce, “Ka ce masa kana da jirgi.”

Dalhatu ya ce, “Ai da sauran lokaci.” Ya sunkuya ya naɗe katifar da ya ba ni yanzun nan, saboda sabon direban da aka ɗauka a madadinsa ya jefar da ta raguna tun ranar farko. Gadon da na ci ke nan, ko zama ban yi a kai ba.

Muka karɓo a-kori-kurar a kasuwa, da wata tinkiya a ciki da ba a samu wanda zai riƙe ta ba. Muka yi azahar a masallacin asibiti. Dalhatu ya shimfiɗa katifa, ya hana ma'aikata taɓa tsohon, ya zura hannuwan nan nasa a ƙarƙashinsa ya ɗauke shi a ƙirji kamar yadda yake ɗaukar raguna. Abu Majid ya buɗe baki zai yi ihu, ya ga babu dalili, ya rufe. Aka kwantar da shi tsakanin akwatin Dalhatu da tinkiya, Kamil ya zauna a gefensa, ni na shiga gaba, Majid ya biyo mu a baya da motarsa yana kunna fitilun haɗari.

Daga asibitin zuwa gidansu a Suwaidi, ni da tawa motar kafin ka gama shan shayi na isa. Muka zo maɗabb na farko. Dalhatu ya hau da tayoyin gaba, ya waiwaya ta tagar ya ce, “Sannu, Baba.” Ya haura da na baya ya ce, “Sannu da haƙuri.” Daga baya muka ji wata siririyar murya ta ce, “Yalla.” A na biyu ma ta ce, amma ba ƙarfi. Daga na uku ba mu sake jin komai ba. Can sai Kamil ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali, ya ɗora kumatunsa a kan tafin hannu. Tsohon ya yi barci. Majid ya riga ya gaya mana cewa tun da aka yi aikin bai runtsa ba sai da allura.

Muka isa ƙofar gidan da ɗan sauran lokaci, idan na karɓi tuƙi na yi irin nawa za mu kama jirgi. Dalhatu ya fara taka birki. Motar na tsayawa tsohon ya motsa ya yi nishi. Dalhatu ya ɗage ƙafa, motar ta ci gaba da gangarawa, nishin ya tsaya. Ya wuce ƙofar, ya sha kwana.

Na ce, “Ina za ka?”

Ya ce, “Mu ɗan zagaya.”

Muka zagayo layin, muka dawo ƙofar, ya sake wucewa. Na nuna masa agogo. Na ce, “Dalhatu, ka saurare ni da kyau. Yau bizarka take ƙarewa. Idan jirgin nan ya tashi babu kai, gobe kai mai laifi ne. Kama ka za a yi, a tsare ka, a tasa ƙeyarka da kayan jikinka, kuma gidan dai za ka. Wuƙar tana nan, ka ƙara da kunya. A kan wa? A kan mutumin da ya kore ka!”

Ya ce, “Rage murya, Ridwan.”

“Ba zan rage ba!”

Ya ce, “Na san duk abin da ka faɗa. Tsoro nake ji, wallahi. Amma ka ji yadda yake numfashi? Ni ban iya tayar da mai barci irin wannan ba.”

Haka muka yi ta zagaye. 'Yan'uwan da suka zo sannu da zuwa suka ga Majid yana bin motar tumaki a hankali da fitilu a kunne, suka shiga motocinsu suka bi shi. Maƙwabta suka bi 'yan'uwa. Masu shaguna suka ga jerin motoci na tafiya kamar ba sa so, ga mutum miƙe a bayan ta gaba, ga Kamil da gemunsa zaune a gefensa, suka fito bakin titi suna salati suna yi wa mamaci addu'a. Wani mai wanki ya tambayi Kamil a wane masallaci za a yi sallar, Kamil ya ɗora yatsa a baki, mutumin ya ɗauka tsananin baƙin ciki ne ya fashe da kuka. A titin da ko daƙiƙa ba a yi maka uzuri, ranar ba wanda ya danna hon. Tinkiyar ma ta kwantar da kai a kan ƙafar tsohon ta yi nata barcin.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Dalhatu ya ji motsinsa, ya lallaɓa ya tsaya daidai ƙofar gida, muka fito. Abu Majid ya dubi rumfar tamfol, ya dubi tinkiya, ya dubi jama'ar da suka cika layi, sannan idonsa ya sauka a kan akwatin da aka ɗaure da igiya. Ya tambayi na wane ne. Kamil ya gyara murya ya yi masa bayani da Larabcin littafi, irin wanda ake huɗuba da shi, har tsohon ya ce ya taƙaita.

Ya juya ido wajen Dalhatu. Sannan ya ce, “Ya Dalha.”

“Na'am, Baba.”

“Jirgin naka fa?”

“Yanzu kam ya wuce ni, Baba.”

“Me ya hana ka tashe ni?”

Dalhatu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi, ya ce, “Ai barci kake yi.”

Tsohon ya ja mayafin kansa ya rufe fuska. Muka ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Da ya buɗe, idonsa jawur, sai ya nemi wanda zai huce a kansa, ya samu ɗansa. “Kai Majid! Tsayuwar me kake yi? Ɗauko wayarka ka soke bizar nan tun ba ta ƙare ba! Ranar Lahadi za a cire mini zare, wa zai kai ni? Kai, da tuƙin naka na mahaukata? Yalla!” Iyakar haƙurin da ya bayar ke nan, kuma a wurin Abu Majid ba ƙarami ba ne.

Dalhatu ya ɗauke shi ya kai shi har gadonsa. Bayan mun yi sallah ya zo zai shiga mota, ƙafarsa ta hagu ta ƙi, don tun azahar take kan kuloci. Ya miƙo mini makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar gefe. Kamil ya hau baya wurin tinkiya.

Mun ɗan taɓa tafiya ya ce, “Ridwan, ke nan ba zan riƙe wuƙar ba.” Ya sa faffaɗan hannunsa ya rufe fuska ya yi kuka kamar yaro, ni kuma na yi kamar ina duba madubi. Kafin mu fita daga Suwaidi kansa ya jingina da gilashi, bakinsa a buɗe. Makonni ke nan ban ga ya yi barci irin wannan ba.

Gabanmu ga maɗabb, babba, irin wanda na saba tsallakewa ba tare da na san da shi ba. Na bayana ya danne hon. Na bar shi ya yi ta dannawa. Na hau da tayoyin gaba a hankali, na dubi Dalhatu, bai motsa ba. Na ce, “Sannu,” ƙasa-ƙasa yadda Bazazzagin nan ba zai ji ba, sannan na haura da na baya.